STEPHEN KESHI: MAI HAƘURI YAKAN DAFA DUTSE

Mu da muke makarantar mishan ya kamata mu san tarihin Stephen Keshi, gama shi ma ɗan makarantar mishan ne. An haife shi a shekarar 1962. Ya yi karatu a St. Finbarr's College ta Katolika a Legas, inda ya yi suna wajen ƙwallo.

Keshi ɗan baya ne, aikin da ba a cika yaba wa mai yinsa ba. Ya buga wa New Nigeria Bank ta Benin, sa'an nan ya tafi Abijan, daga can sai Lokeren da Anderlecht a ƙasar Beljiyam. Shi ne kyaftin sa'ad da Nijeriya ta ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994.

Da ya zama mai horar da 'yan wasa, sau biyu yana noma wani yana girbi. Yana mataimakin Shuaibu Amodu suka samo wa Nijeriya gurbi a gasar Kofin Duniya ta 2002, amma aka sallame su kafin gasar. A 2005 ya samo wa Togo gurbinta na farko a tarihi, nan ma aka ba wani Bajamushe aikin kafin a tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Duk da haka bai yi zuciya ya bar aikin ba. Ya horar da Mali, a 2011 kuma aka danƙa masa Super Eagles. Ya ɗauko yara masu wasa a gida, mutane suna ta gunaguni. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da aka doke Burkina Faso 1-0 a wasan ƙarshe na 2013 a Afirka ta Kudu. Kafin Keshi, Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa cin kofin nan yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci.

Matarsa ta rasu a Disamba 2015, shi kuma ya bi ta ran 7 ga Yuni, 2016, yana da shekara 54.

'Yan'uwa ɗalibai, wata rana za mu yi wahala wani ya sha yabo. Idan ranar ta zo, mu tuna da Keshi, kada mu ajiye fartanya. Ubangiji yana ganin aikin kowa.