Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da muryarsa ta gabatar da Najeriya ga duniya

A cikin shugabannin da suka karɓo wa Najeriya 'yancin kai, babu wanda ake tunawa da shi saboda iya jawabi kamar Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaministan ƙasar na farko, kuma na ƙarshe. Har laƙabi aka yi masa da mai muryar zinare na Afirka. Murya kam baiwa ce daga Allah. Amma tsara magana, da auna ta, da sanin wanda ake yi wa ita, waɗannan a aji ya koye su, yana ɗalibi da kuma yana malami.

An haife shi a watan Disamba na shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba basarake ba ne, don haka Abubakar bai gaji wata kujera da za ta sa a saurare shi ba. Ya fara da makarantar allo, ya yi karatun boko a Bauchi, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, inda ya kammala a 1933. Kwalejin ta yi suna wajen horar da ɗalibai furta Turanci daidai, kalma bayan kalma, domin malamai take yayewa, kuma malamin da ba a jin abin da yake faɗa bai koyar da kome ba.

Da ya koma gida ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, har ya zama shugabanta. A farkon wannan lokaci ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Marubucin ya sa wani dattijon malami ne yake ba almajiransa labarin rayuwarsa da baki, cikin natsuwa, ba gaggawa. Wanda ya saurari jawaban Abubakar na baya zai ji wannan natsuwar a cikinsu.

Bauchi ta shekarun 1940 fagen muhawara ce. A can aka kafa ƙungiyar tattaunawa inda malamai da ma'aikatan En'e suke baje ra'ayoyinsu kan mulki da ilimi, a cikinsu har da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Waɗannan biyun harshensu da kaifi yake. Abubakar kuwa ya fi karkata ga kawo hujja a hankali, ya bar ta ta yi aikinta. A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan ya yi shekara guda. Bayan dawowarsa aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Arewa a 1946, a 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta ƙasa a Legas.

Jawabin da ya fara fito da shi fili shi ne wanda ya yi a Majalisar Arewa a Kaduna a watan Agusta na 1950. Ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e a yi masa gyara. A wancan zamani taɓa wannan batu kasada ce, musamman ga ma'aikacin da abincinsa yake hannun hukumar da yake sukan tsarinta. Bai kama sunan wani sarki ya ci masa mutunci ba. Tsarin ya ɗauka ya warware shi dalla-dalla: ikon da ya taru a hannun mutum ɗaya, cin hanci da ya yi katutu, da talakan da ba a tambayarsa ra'ayi a kan abin da ya shafe shi. Ya kuma rufe da buƙata guda bayyananniya wadda majalisa za ta iya kaɗa ƙuri'a a kanta. Ƙudurin ya wuce, aka gudanar da bincike, kuma cikin 'yan shekaru aka soke tsarin da sarki yake yanke hukunci shi kaɗai, aka ɗaure shi da shawarar majalisarsa.

A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri. A 1955 ya je Amurka don nazarin sufurin jiragen ruwa a kogin Misisifi. Kafin wannan tafiya yana cikin masu shakkar ko Najeriya za ta iya zama ƙasa ɗaya, kuma ya sha faɗin haka a majalisa. Ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka haɗu suka gina Amurka ya sauya masa tunani, daga nan haɗin kan ƙasa ya zama ginshiƙin jawabansa. A watan Agusta na 1957 ya zama Firaminista.

Ranar 1 ga Oktoba, 1960, ya tsaya a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira da sunansa, ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila. Masu sauraronsa a ranar iri-iri ne: 'yan kishin ƙasa da suka sha gwagwarmaya da Turawa, jami'an mulkin mallaka masu shirin tafiya, sarakuna, da baƙi daga ƙasashen duniya. Jawabin bai yi tsawo ba. Ya nuna cewa jinkirin da aka yi kafin samun 'yanci ya ba da damar kafa tubali mai ƙarfi, ya gode wa duk waɗanda suka yi wa ƙasar hidima, 'yan gida da baƙi, ya kuma tunatar da jama'a nauyin da ya hau kansu. Wasu sun ga ya cika yaba wa Ingila, suna kwatanta shi da zazzafan jawabin Patrice Lumumba a Kongo watanni uku kafin nan. Shi kuwa yana duban ƙasar da har a lokacin take bukatar ma'aikata da jari daga waje, wadda kuma yankunanta uku ba su gama amincewa da juna ba.

Kwana shida bayan haka, ranar 7 ga Oktoba, ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, inda Najeriya ta zama mamba ta 99. Nan ma tsarin malamin aji ya bi. Ya jera manufofin ƙasarsa ɗaya bayan ɗaya yadda kowa zai riƙe su: zumunci da kowace ƙasa, rashin kwaɗayin yankin maƙwabta, ƙin bin wani ɓangare na manyan ƙasashe ido rufe, da aiki tare da sauran ƙasashen Afirka har waɗanda ke ƙarƙashin mulkin mallaka su sami 'yanci. Sannan ya ba rikicin Kongo kaso mai yawa na lokacinsa, ya kawo shawarwarin da za a iya aiwatarwa. Ba a jima ba aka naɗa ɗan Najeriya, Jaja Wachuku, shugaban kwamitin sulhu na Majalisar a kan Kongo, sojojin Najeriya kuma suka shiga aikin kiyaye zaman lafiya a can.

Abin da ya ƙara wa maganarsa nauyi a waje shi ne aiki yana biyo bayanta. A watan Janairu na 1961 Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin makaman nukiliya a hamadar Sahara. A watan Maris na shekarar yana cikin shugabannin da suka matsa lamba a kan wariyar launin fata har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar Commonwealth. A watan Yuli ya ziyarci Amurka bisa gayyatar Shugaba John Kennedy, ya yi jawabi a gaban Majalisar Wakilan ƙasar. A taron Addis Ababa na watan Mayu, 1963, Kwame Nkrumah na Ghana ya nemi a kafa gwamnatin Afirka guda nan take. Abubakar ya ba da hujjar a fara da haɗin gwiwa a tattalin arziki da ilimi da sufuri, tare da mutunta 'yancin kowace ƙasa, babba ko ƙarama. Yarjejeniyar da ta kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta fi kusa da nasa ra'ayin.

Faifan jawabansa da suka rage suna nuna sirrin. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. Yakan dakata bayan muhimmiyar magana har ta zauna a zuciyar mai sauraro, yakan zaɓi kalma mai sauƙi a inda wasu 'yan siyasar zamaninsa suke alfahari da manyan kalmomin Turanci.

Sai dai a gida al'amura sun fi ƙarfin lafazi. Rikicin Yankin Yamma na 1962, da taƙaddamar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da zaɓen tarayya na 1964, duk sun raunana amincewa tsakanin yankuna. Bayan zaɓen Yamma na watan Oktoba, 1965, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. Masu sukarsa suna ganin haƙurin da ya yi masa ado a mumbari shi ne ya zame masa rauni a nan, domin bai ayyana dokar ta-ɓaci ba kamar yadda ya yi a 1962. A watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin Commonwealth a Legas don tattauna batun Rodeshiya, alhali wuta tana ci a yankin da ke maƙwabtaka da birnin.

Kwanaki kaɗan da watsewar taron, ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu hafsoshin soja suka yi juyin mulki, suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. Ya rasu yana da shekara 53, aka yi masa sutura a Bauchi, inda kabarinsa yake har yau ana ziyarta. Hotonsa yana kan takardar Naira biyar, jami'ar tarayya da ke Bauchi kuma tana ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.