IMAMU JUNAIDUL BAGADADI, SHUGABAN SUFAYE (R.A.)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shi ne Abul Ƙasim Junaidu ɗan Muhammadu, wanda ake yi wa laƙabi da Sayyiduɗ Ɗa'ifa, wato shugaban jama'ar sufaye. Asalin iyayensa mutanen Nahawanda ne a ƙasar Farisa, amma a birnin Bagadaza ya tashi. Mahaifinsa mai sayar da kwalabe ne, shi kuwa fataucin alharini ya kama.

Ya yi karatun fiƙihu a wurin Abu Sauri, almajirin Imamu Shafi'i, har ya kai ga ba da fatawa a zauren malamin yana ɗan shekara 20. Tarbiyyar ruhi kuwa ya same ta a hannun kawunsa Sariyyus Saƙaɗi, ya kuma zauna da Harisul Muhasibi, malamin nan da ya shahara wajen koya wa muridai yi wa kai hisabi.

Babban darasin da ke cikin rayuwarsa shi ne yadda kasuwa ta kasa raba shi da Ubangijinsa. Imamu Ƙushairi ya ruwaito a cikin Risalarsa cewa kullum idan Junaidu ya shiga shagonsa sai ya saki labule, ya sallaci raka'a 400, sannan ya koma gida. Wurin da masu ciniki ke shagala da lissafin riba, nan ya mayar halwarsa. Ko bayan sunansa ya game duniya bai ajiye carbi ba, domin yana ganin bai dace ya rabu da hanyar da ta kai shi ga Allah ba. Ya kuma tsaya a kan cewa tafarkin sufaye a ɗaure yake da Alƙur'ani da Sunna, shi ya sa Ibnu Ashir ya ambaci tafarkinsa tare da fiƙihun Maliku da aƙidar Ash'ari a littafinsa Murshidul Mu'in.

Daga cikin almajiransa akwai Abubakar Shibli, wanda ta kansa silsilar ta gangaro har zuwa ga Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda.

Ya yi wafati a Bagadaza a shekara ta 298 bayan Hijira (910 Miladiyya), yana cikin karatun Alƙur'ani, aka rufe shi a maƙabartar Shuniziyya kusa da kawunsa.

Ya 'yan'uwa, gobe kowa zai koma rumfarsa ko gonarsa ko ofishinsa, can ne ake gane muridin gaskiya idan ladan ya kira salla alhali ga mai saye a tsaye. Allah Ya ba mu ikon fifita Shi a kan komai, Ya amfane mu da albarkar bayinSa na gari, amin.