Fada Damiyan, Mai Jiyyar Kutaren Molokai

A cikin 'yan mishan da suka bar ƙasarsu suka tafi aiki uwa duniya, kaɗan muka sani da sunansu ya kai na Fada Damiyan. An haife shi a Beljiyam cikin 1840, ɗan manomi ne, sunansa na yanka Jozef De Veuster. Wansa aka zaɓa za a aika tsibiran Hawayi, can tsakiyar tekun Fasifik, sai ciwo ya kwantar da shi, ƙanen ya roƙa a tura shi a madadinsa. Ya sauka Honolulu cikin 1864, aka naɗa shi fada na ɗarikar Katolika.

A zamanin nan kuturta ta yawaita a Hawayi, har hukuma ta kafa doka cikin 1865, wanda duk ya kamu a raba shi da iyalinsa, a kai shi wani lungu na tsibirin Molokai, inda teku ta kewaye gefe uku, dutse ya tare na huɗun. Ran 10 ga watan Mayu, 1873, Fada Damiyan ya sauka can da son ransa. Ya iske mutane cikin yunwa da yanke ƙauna. Ya shiga wanke musu gyambo, ya gina gidaje, ya jawo ruwan sha, ya tara marayu. In an yi mutuwa shi ke sassaƙa akwatin gawa, ya haƙa kabari.

Cikin 1884, ran nan ya tsoma ƙafa a tafasasshen ruwa bai ji zafi ba, ya sakankance ciwon ya kama shi. Bai fasa aiki ba har ya rasu ran 15 ga watan Afrilu, 1889, yana da shekara 49. Cikin 1936 aka mai da gawarsa Beljiyam, cikin 2009 kuma Paparoma ya sa shi a jerin waliyyan Katolika.

Mu lura, a zamaninsa ba maganin kuturta, bai kuwa warkar da kowa ba. Abin da ya kai musu shi ne zama tare da su ba ƙyama. Daga baya aka sami magani, aka soke dokar nan cikin 1969. Yanzu kuturta tana warkewa, wanda ya fara shan magani ba ya yaɗa ta. To, mu da magani ke hannunmu, wace hujja ta rage mana ta gudun kuturu?