Ibn Khaldun: Magatakardan fada da ya bincika yadda sabo ke gina mutum

Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda duniya ta fi sani da Ibn Khaldun, ma'aikacin hukuma ne tun kafin ya zama marubucin tarihi. Ya yi magatakarda a Tunis da Fas, ya yi wa sarkin Garnada jakadanci, ya riƙe ragamar fada a Bijaya, ya ƙare da alƙalanci a Alƙahira. An ɗaure shi, an tuɓe shi, an mai da shi, shi ma kuma ya juya wa iyayen gidansa baya fiye da sau ɗaya. A cikin wannan hawa da sauka ne wata tambaya ta riƙa damunsa: me ya sa mutanen da ke karanta littafi guda, suna fuskantar alƙibla guda, halinsu da fahimtarsu ga addini ke bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma jika ya tashi da halin da kakansa ba zai gane ba?

An haife shi a Tunis ranar 1 ga Ramadan, 732 bayan Hijira, daidai da 27 ga Mayu, 1332. Danginsa suna jingina asalinsu da Hadramaut ta ƙasar Yaman, amma sun yi ƙarnuka a Andalus, inda suka zama manyan birnin Ishbiliya. Sun baro birnin gab da faɗawarsa hannun Kiristoci a 1248, suka sami karɓuwa a fadar Hafsawa ta Tunis. Kakan mahaifinsa ya riƙe baitulmali, kuma a kan wannan kujera aka kashe shi lokacin wani juyin mulki. Mahaifinsa kuwa ya guje wa fada, ya duƙufa ga karatu. Yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihun Malikiyya da hadisi da nahawu, sannan ya koyi manɗiƙi da lissafi a wurin Al-Abili, malamin da ya fi kowa tasiri a kansa.

Bai cika shekara 17 ba babbar annobar nan ta 1348 ta ratsa Tunis, ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da yawancin malamansa. Da ya kai wajen shekara ashirin sai aka ba shi aikinsa na farko a fada, wato rubuta kalmar godiya ga Allah da manyan haruffa a saman kowace wasiƙar sarki. Aiki ne mai suna amma marar nauyi, kuma bai daɗe ba ya sulale zuwa Fas, inda Sarki Abu Inan ya tara malaman Magrib. A can ya shiga cikin magatakarda, a can kuma ya fara ɗanɗana kuɗarsa: a 1357 aka zarge shi da ƙulla makirci da wani yariman Hafsawa, aka jefa shi kurkuku, bai fito ba sai bayan mutuwar sarkin, ya yi kusan shekara biyu a ɗaure.

A ƙarshen 1362 ya haye zuwa Garnada, inda Sarki Muhammadu na Biyar ya karɓe shi hannu bibbiyu. A 1364 aka aike shi Ishbiliya wurin Pedro, sarkin Kastila, don ƙulla sulhu. Pedro ya yi masa tayin ya zauna a mai da masa dukiyar kakanninsa, ya ƙi. Dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da waziri Ibn Al-Khaɗib, sai ya koma Bijaya a 1365, inda yariman nan da aka ɗaure shi dominsa ya zama sarki, ya naɗa shi shugaban fada. Shekara guda kacal aka kashe sarkin a yaƙi, Ibn Khaldun kuwa da hannunsa ya miƙa birnin ga wanda ya ci yaƙin. Masu sukarsa ba su taɓa yafe masa wannan ba, kuma da wuya a ce ba su da hujja.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana kai da komo tsakanin ƙabilun Larabawan daji, yana tara wa sarakunan Tilimsan da Fas mayaƙa. Wannan aiki na ɗan aike shi ne makarantarsa ta gaskiya, domin ɗan birni ne da ya kwana a tanti, ya ga yadda mutanen da ba su da ganuwa ko dogarai ke tsare kansu. Labarin shaƙe Ibn Al-Khaɗib a kurkukun Fas ya ƙara sanyaya masa jiki. A 1375 ya nemi mafaka wurin ƙabilar Aulad Arif, suka saukar da shi a Ƙal'at Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi kusan shekara huɗu a wurin, kuma a cikin wata biyar na 1377 ya rubuta Muƙaddima, gabatarwar babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar.

Ya fara ne da tuhumar marubutan tarihi. A ganinsa labari yana gurɓata saboda son kai ga ra'ayi ko ƙungiya, da yawan amincewa da mai ba da labari, da neman fada wurin masu mulki, amma babban dalili shi ne rashin sanin yadda zaman jama'a ke gudana. Ya ba da misali da adadin mayaƙa 600,000 da Al-Mas'udi ya ce Banu Isra'ila suna da su a zamanin Annabi Musa. Bai tsaya kan wanda ya ruwaito ba, ya tambayi ko wane fili zai ɗauki irin wannan runduna, da ko zuriyar mutum guda za ta kai haka cikin 'yan haihuwa kaɗan. Daga nan ya ce akwai buƙatar wani sabon ilimi mai nazarin zaman ɗan Adam shi kansa.

Ginshiƙin wannan ilimi shi ne cewa abin da mutum ya saba da shi, ya tashi a cikinsa, shi yake zame masa hali har ya ɗauka da shi aka haife shi. Bahaushe kan ce hali zanen dutse, Ibn Khaldun kuwa ya damu ne da hannun da ya yi zanen. Mutumin daji yana da ƙarfin zuciya domin ba shi da mai tsaronsa sai kansa da danginsa. Ɗan birni ya damƙa tsaronsa ga ganuwa da hukuma, da haka ya saba da dogaro. Ya lura cewa mutanen da suka saba da ƙarancin abinci sun fi masu wadata juriya ga ibada, kuma jin daɗi idan ya yi yawa yakan busar da zuciya. Yaron da aka rena da duka da tsawa, a cewarsa, yana koyon ƙarya da munafunci don ya tsira, kuma al'ummar da aka mulka da zalunci ita ma haka take komawa. Wanda aka ci da yaƙi kuwa yakan kwaikwayi wanda ya ci shi a sutura da ɗabi'a, yana zaton a cikinsu fifikon yake. Ya ga haka da idonsa a Andalus, inda Musulmi suka fara ɗaukar shigar maƙwabtansu Kiristoci, har da zana hotuna a bangon gidaje, ya kuma ɗauke shi alamar faɗuwa tun Garnada ba ta faɗi ba.

Abin da ke ɗaga wata jama'a a kan wata ya kira shi asabiyya, wato ƙarfin zumunci da ke sa mutane su tsaya wa juna har mutuwa. Da ita ake kafa daula, kuma daular ce ke cinye ta. Iyaye su sha wuya su kafa, 'ya'ya su gada suna tuna wuyar, jikoki su tashi cikin daula ba su san komai ba sai ita. Ya ƙiyasta wannan zagaye da shekara 120. A tsakiyar rayuwar daula ne, inji shi, ma'abota alƙalami ke samun daraja, a farkonta da ƙarshenta kuwa takobi ake nema. Akwai kuma wata lura da kowane mai aiki kusa da manya zai ji ta a jikinsa: arziki a fada yakan tafi ga mai ladabin kura da iya yabo, ƙwararren da ke ganin ya fi ƙarfin durƙuso kuwa yakan ƙare hannu rabbana. Bai faɗi haka da murna ba, domin shi kansa ya gwada hanyoyin biyu.

Inda ya fi nuna ƙarfin hali shi ne da ya auna rayuwar addini da wannan mudu. Bai taɓa shakkar wahayi ba, har ya ware babi guda yana raddi ga masana falsafa. Amma yana ganin yadda mutane ke karɓar addini da yadda suke fahimtarsa yana bin yanayin zamansu. Kiran gyara, komai gaskiyarsa, ba ya kai labari idan babu jama'a mai asabiyya a bayansa, kuma ya jera masu wa'azin da suka tashi su kaɗai suka hallaka tare da mabiyansu. Idan kuwa addini ya haɗu da asabiyya, yakan kashe hassadar da ke tsakanin dangi ya ninka ƙarfinsu, kamar yadda ya faru ga Murabiɗai da Muwahhidai. Ya bayyana yaɗuwar mazhabar Malikiyya a Magrib da Andalus da dalilai biyu: matafiyansu Hijaz suke nufa, Iraƙi ba ta kan hanyarsu, don haka a Madina suka yi karatu, sannan rayuwarsu ta karkara ta fi kama da ta mutanen Hijaz. Wannan mazhaba ce daga baya ta ratsa sahara ta zama ta mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma, har ƙasar Hausa. Ya kwatanta yadda ake karantar da yara ma: a Magrib Alƙur'ani zalla ake farawa da shi, a Andalus ana haɗawa da waƙa da rubutu. Ya yaba wa shawarar Alƙali Abubakar Ibn Al-Arabi ta a fara da harshe da lissafi, amma ya ce al'ada ba za ta bari ba, domin iyaye suna neman albarka, suna kuma tsoron yaro ya girma ya kuɓuce kafin ya sami Alƙur'ani.

Shi kansa bai tsira daga abin da ya gano ba. Ya ƙaryata tatsuniyar da ke cewa baƙar fata tsinuwa ce da ta bi zuriyar Ham, ya ce zafin rana ne sanadi. Duk da haka ya maimaita maganganun ƙasƙanci game da baƙaƙen da ke can kudu, mutanen da bai taɓa gani ba, ya karɓi abin da littattafan zamaninsa suka faɗa ba tare da binciken da ya wajabta wa wasu ba. Inda ya tambayi masu sani kuwa aikinsa ya yi kyau: jerin sarakunan Mali da ya tattara daga bakin mutanen da suka san ƙasar yana cikin abin da masana suka fi dogara da shi har yau.

Ya koma Tunis a ƙarshen 1378, ya tarar da adawar babban malami Ibn Arafa. A 1382 ya nemi izinin aikin Hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariya, bai sake taka Magrib ba. A Alƙahira ya koyar a Azhar, Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya a 1384. Ya tasar wa shaidun zur da masu sayar da fatawa, ya ƙi sauraron ceton manya, cikin ɗan lokaci ya tara maƙiya. A shekarar ce kuma jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariya. Aka sauke shi daga alƙalanci, ya yi Hajji a 1387. Da aka yi wa Barƙuƙ tawaye a 1389, sunan Ibn Khaldun ya fito cikin malaman da suka sa hannu a fatawar yaƙarsa. Sarkin ya dawo kan mulki, malamin ya rasa shugabancin zawiyar Baibars. Duk shekarun da ya yi a Masar bai yarda ya sa rigar alƙalan ƙasar ba, da shigarsa ta Magrib yake zaman shari'a, abin da Ibn Hajar ya lissafa cikin laifuffukansa, alhali almajirinsa Al-Maƙrizi yana ganin ba a taɓa rubuta kamar Muƙaddima ba.

A ƙarshen 1400 ya raka Sarki Faraj zuwa Dimashƙ don tarar Taimur. Sarkin ya ji ƙishin-ƙishin ɗin juyin mulki a gida, ya juya ya bar birnin a kewaye. A watan Janairun 1401 aka zurara dattijon mai shekara 68 da igiya ta bayan ganuwa, ya je sansanin Taimur. Sun yi makonni suna ganawa ta bakin tafinta. Ya kai masa kyautar Alƙur'ani da darduma, ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib da ya nema, Taimur kuma ya sayi alfadarinsa. Wannan bai hana a washe Dimashƙ ba, har Masallacin Umayyawa ya ƙone. A hanyar komawa 'yan fashi suka tuɓe shi.

Sau shida ana naɗa shi alƙali a Alƙahira, kuma bai daɗe da naɗi na shida ba ya rasu, ranar 26 ga Ramadan, 808, daidai da 17 ga Maris, 1406. An binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasr. An fara buga Muƙaddima da na'ura a Bulaƙ a 1857, da Faris a 1858, fassarar Ingilishi ta Franz Rosenthal kuma ta fito a 1958. Amma tun kafin nan, waɗanda suka fi rungumar littafin ma'aikatan daular Usmaniyya ta Turkiyya ne irin su Katib Celebi da Na'ima, waɗanda suka riƙa karanta shi suna lissafin ko a wane mataki tasu daular take.