Thomas Willis, likitan da ya lura da yunwar da ke gabatar ciwon ɓarin kai

An haifi Thomas Willis a ƙauyen Great Bedwyn da ke Ingila a shekarar 1621. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya goyi bayan sarki a yaƙin basasar ƙasar, kuma da sarauta ta dawo a 1660 aka ba shi kujerar farfesa a can.

Ɗaliban likitanci sun fi saninsa da littafinsa na 1664 a kan ƙwaƙwalwa, wanda Christopher Wren ya yi wa zane, da kuma da'irar jijiyoyin jini da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda har yau ake kira da sunansa. Sai dai tun 1659 hankalinsa ya karkata ga yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci. Ya ɗauka cewa jini na tsima ne kamar ƙullu. Ilimi ya wuce wannan bayani, amma tambayar da ya yi tana nan.

A littafinsa na 1672 ya yi dogon bayani kan ciwon kai, ya danganta shi da jinin da ke kwarara zuwa kai. A nan ya kawo labarin wata matashiya da yunwa mai tsanani ke kamawa da maraice. Sai ta ci abinci da yawa, washegari da safe kuma ta tashi da ciwon, har ta mayar da yunwar alamar cewa yana tafe. Wani zai ɗora laifin a kan tuwon daren. Willis ya rubuta yunwar a matsayin somin-taɓin ciwon kansa, kuma likitocin yau sun yarda cewa kwaɗayin abinci na cikin alamomin da ke riga ciwon ɓarin kai zuwa. Sun kuma san tsallake abinci na tayar da shi, abin da ma'aikacin da taro ya cinye wa lokacin cin rana ba ya buƙatar a faɗa masa. Masu bincike na nazarin ko ƙarancin kuzari a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na da hannu a ciki.

A 1674 ya bayyana cewa fitsarin masu ciwon sukari na da zaƙi kamar zuma, abin da likitocin Indiya suka daɗe da sani amma Turai ta yi sake da shi.

Ya rasu a Landan ranar 11 ga Nuwamba 1675, aka binne shi a majami'ar Westminster.