Edward Jenner: Likitan ƙauyen da ya buɗe ƙofar riga-kafi

Allurar riga-kafin cutar korona ta farko da ta iso Najeriya a ranar 2 ga watan Maris na 2021, an ƙirƙiro ta ne a wata cibiyar bincike ta Jami'ar Oxford mai suna Cibiyar Jenner. Mutumin da aka sanya wa cibiyar sunansa bai taɓa ganin ƙwayar cuta da idonsa ba, kuma ya rasu kusan shekaru ɗari biyu kafin ɓullar korona. Amma da hannunsa aka fara aikin da ya kai ga shafe cutar agana daga doron ƙasa.

An haifi Edward Jenner ne a ranar 17 ga watan Mayun 1749 a garin Berkeley da ke yankin Gloucestershire na yammacin Ingila, yanki mai yawan shanu da makiyaya. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya tara na limamin cocin garin. Yana da shekara biyar iyayensa duka biyu suka rasu, sai riƙonsa ya koma hannun yayansa Stephen.

Duniyar da ya taso a cikinta

A wancan zamani babu cutar da ake tsoro a Turai kamar agana, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira 'yan rani. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 tana kashe mutane kimanin 400,000 kowace shekara a nahiyar. Cikin mutane goma da ta kama, biyu zuwa uku kan mutu, waɗanda suka tsira kuwa sukan tashi da zanzana a fuska, wasu kuma da makanta.

Tun ƙarni na 10 likitan nan Musulmi, Abubakar al-Razi, ya rubuta littafin da ya bambance agana da ƙyanda. Haka kuma mutanen Sin da Indiya da Turkiyya da wasu sassan Afirka sun daɗe da gano cewa wanda ya yi agana sau ɗaya ba ya sake yin ta. Saboda haka sai su ɗebo ruwan ƙurjin wanda cutar ta zo masa da sauƙi, su yi wa mai lafiya 'yar tsaga a fata su shafa masa, domin ya yi ciwon kaɗan ya wuce wurin.

Matar jakadan Ingila a Daular Usmaniyya, Mary Wortley Montagu, ita ce ta ga ana haka a Istanbul, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, aka kuma yi wa 'yarta a London a 1721. A wannan shekara ce kuma aka gwada dabarar a birnin Boston na Amurka, bisa bayanin wani bawa ɗan Afirka da ubangidansa ya raɗa wa suna Onesimus.

Dabarar ta ceci rayuka, amma tana da aibi biyu. Mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari da aka yi wa sukan mutu, sannan wanda aka yi wa yana ɗauke da agana ta ainihi, yana iya shafa wa dukan unguwa.

Jenner ya ɗanɗani wannan da jikinsa yana ɗan shekara takwas. Likitocin Ingila sun ƙara wa al'adar wahalhalun da ba su cikinta tun asali. An yi makonni ana horar da shi da yunwa, ana zubar masa da jini, ana ba shi maganin wankin ciki, sannan aka yi masa tsagar, aka killace shi tare da wasu yara har ƙurajen suka bushe. Ya jima bai murmure ba.

Almajiranci da tsuntsaye

Yana da shekara 13 zuwa 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani likitan fiɗa a Chipping Sodbury, inda ya yi shekaru bakwai. Likitan fiɗa na lokacin ya fi kama da wanzami fiye da likitan asibitin yau, domin a hannun maigida ake koyon sana'ar. A 1770 ya tafi London wurin John Hunter na asibitin St George's, wanda ya koya masa ɗabi'ar gwada abu a aikace maimakon dogon tunani a kansa. Abota ta ƙullu tsakaninsu har Hunter ya rasu a 1793.

Duk da damar da ya samu a babban birni, Jenner ya zaɓi komawa garinsu. Sunan da ya fara yi a fagen ilimi ma ba a likitanci ya yi shi ba. Ya lura da wani tsuntsu da Turawa ke kira kuku, mai saka ƙwansa a sheƙar wasu tsuntsaye, ya gano cewa ɗan tsakon ne da kansa yake ture ƙwai da 'ya'yan masu sheƙar zuwa ƙasa. Wannan bincike ya sa aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1789. Shekara guda kafin nan ya auri Catherine Kingscote.

Yaron mai lambu

Makiyayan yankinsa suna da wani zance da likitocin birni suka ɗauka camfi ne. Sun ce matan da ke tatsar nono, idan suka ɗauki wasu ƙuraje marasa tsanani daga hantsar saniya, to agana ba ta kama su. Wani manomi a Dorset mai suna Benjamin Jesty ya gaskata zancen har ya yi wa matarsa da 'ya'yansa biyu tsaga da ruwan ƙurjin saniya a 1774. Don haka Jenner bai zama na farko ba. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya tattara shaidu na shekaru, ya gwada, ya rubuta, sannan ya sadaukar da sauran rayuwarsa ga yaɗa abin.

A ranar 14 ga watan Mayun 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsar nono, Sarah Nelmes, ya sanya a tsagar da ya yi wa James Phipps, ɗan mai kula masa da lambu, yaro ɗan shekara takwas. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. A ranar 1 ga watan Yuli sai Jenner ya sanya masa ruwan agana ta ainihi, kuma babu abin da ya same shi.

A yau babu hukumar lafiyar da za ta amince a yi irin wannan gwaji a kan ɗan talakan da ubansa ke cin abinci a ƙarƙashin mai gwajin. Masu kare Jenner suna cewa tsagar agana ita ce abin da ake yi wa yara a lokacin ko da babu gwaji, kuma wannan gaskiya ne, sai dai bai kawar da tambayar ko uban yaron yana da bakin cewa a'a ba. Daga baya Jenner ya ba Phipps gida ya zauna da iyalinsa ba tare da biyan haya ba.

Ƙungiyar Royal Society ta ƙi buga rahotonsa na farko saboda ƙarancin shaida. Sai ya ƙara gwaje-gwaje, a 1798 ya buga ɗan littafi da kuɗinsa mai ɗauke da bayanin mutane 23. Daga sunan saniya a harshen Latin ne Turawa suka samo kalmar da suke kiran allurar riga-kafi da ita har yau.

Yabo da suka

Labarin ya bazu da saurin da ba a saba gani ba. A 1803 Sarkin Sifen ya tura jirgin ruwa ƙarƙashin likita Francisco de Balmis zuwa yankunansa na Amurka. Da yake babu firij, sai aka ɗauki yara marayu 22, ana ɗibar ruwan ƙurjin daga damtsen wannan a sanya wa wancan har aka haye teku. Napoleon na Faransa, duk da yana yaƙi da Ingila, ya sa an yi wa sojojinsa, ya kuma saki wasu Ingilishi da ke tsare saboda roƙon Jenner. Majalisar dokokin Birtaniya ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa fam 20,000 a 1807. Bai ɓoye dabarar don neman riba ba, a wata bukka da ke lambun gidansa ma kyauta yake yi wa talakawa.

Masu suka kuwa ba su yi barci ba. Wasu limaman coci sun ce sanya abin jikin dabba a jikin mutum saɓo ne. Likitocin da ke cin abinci da tsohuwar tsagar sun ga kasuwarsu za ta mutu. A 1802 wani mai zanen barkwanci, James Gillray, ya zana mutane ƙananan shanu na fitowa daga jikinsu bayan an yi musu riga-kafin. Bayan da aka tilasta yi wa jarirai a Ingila a 1853, adawar ta ƙara ƙarfi, har aka yi gagarumar zanga-zanga a birnin Leicester a 1885. Wanda ya tuna yadda aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003 zai ga cewa irin wannan shakku ya girmi Najeriya.

Akwai inda Jenner ya kafe a kan kuskure. Ya dage cewa tsaga ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma duk wanda ya kamu bayanta sai ya ce ba a yi masa daidai ba. A 1811 ɗan wani basarake, Robert Grosvenor, wanda Jenner da kansa ya yi wa shekaru goma kafin nan, ya kamu da agana mai tsanani, ko da yake ya tsira. Sai bayan rasuwar Jenner aka yarda cewa kariyar tana raguwa, dole a riƙa maimaitawa.

Ƙarshen rayuwarsa cike yake da rashi. Tarin fuka ya kashe babban ɗansa a 1810, ya kashe matarsa a 1815. Daga nan ya janye jikinsa daga jama'a, ya koma nazarin ƙaurar tsuntsaye. Ya rasu a Berkeley a ranar 26 ga watan Janairun 1823 sakamakon shanyewar jiki, yana da shekara 73.

Lamba a damtse

A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin kawar da agana, aka haɗa ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya cikin shiri guda da ya haɗa da yaƙi da ƙyanda. A lokacin Zuru da Gwandu da Argungu da Yawuri duk suna cikin Jihar Arewa maso Yamma. Ayarin ma'aikata sun riƙa bin garuruwa da kasuwanni da wata na'ura da ake takawa da ƙafa, mai harba maganin cikin fata ba tare da allura ba, sarakuna da hakimai na tara musu jama'a. Lambar da ke damtsen dattawa da yawa a waɗannan garuruwa shaidar riga-kafin agana ce. Tabon da ake gani a hannun yaran yanzu kuwa na allurar tarin fuka ne.

A gabashin Najeriya ne likita William Foege, da magani ya yi masa ƙaranci a ƙarshen 1966, ya gwada yi wa waɗanda ke kewaye da mai cutar kawai, dabarar da daga baya aka yi amfani da ita a duniya. An ga agana ta ƙarshe a Najeriya a 1970. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, wani mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, a watan Oktoban 1977. A ranar 8 ga watan Mayun 1980 aka ayyana kawar da cutar da ta kashe mutane kimanin miliyan 300 a ƙarni na 20 kaɗai.

Agana ta kawu ne saboda ƙwayarta ba ta da mafaka a jikin dabbobi, ba ta saurin sauya kama, kuma ƙurajenta ba sa ɓoyuwa. Korona ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Najeriya ta rufe Legas da Ogun da Abuja a ranar 30 ga watan Maris na 2020, ta fara sassauta kullen a ranar 4 ga watan Mayu, tun babu riga-kafi. Da allurai kusan miliyan huɗu na Oxford da AstraZeneca suka iso a 2021, ba a jima ba nau'in Delta ya bayyana, Omicron ya biyo shi kafin ƙarshen shekarar, aka koma batun ƙarin allura, wato matsalar da Jenner ya ƙi yarda da ita. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan cutar ba tare da an kawar da ita ba.

Binciken da aka yi a 2017 a kan wata tsohuwar kwalbar riga-kafin agana ta 1902 ya nuna cewa ƙwayar da ke ciki ta fi kusa da ta dawaki fiye da ta shanu, abin da Jenner da kansa ya yi zargi tun a littafinsa na 1798. Daga zuriyar wannan ƙwaya aka samar da allurar ƙyandar biri, wadda Najeriya ta karɓi guda 10,000 daga Amurka a watan Agustan 2024.