Thomas Graham: Ɗan mai masaƙa da ya share hanyar wankin ƙoda

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda, a Kano ne ko a Libreville, ya san irin kuɗin da abin ke ci. Tushen dabarar kuwa yana wajen wani Bature ne, Thomas Graham, wanda aka haifa a birnin Glasgow na ƙasar Scotland a 1805.

Mahaifinsa mai masaƙa ne, kuma burinsa ɗan ya zama limamin coci. Yaro ya ƙeƙasa ƙasa ya ce shi sai ilmin sinadarai, har uban ya janye masa tallafi.

A 1861 ya bayyana gwajin da ya fito da shi. Ya ɗaure wata takarda ta musamman a gindin wani mazubi kamar rariya, ya zuba ruwan da aka jiƙa sukari da ƙaro, wato ƙaron nan da 'yan kasuwarmu ke saye a Yobe da Borno, sannan ya ɗora a kan ruwa mai tsabta. Sukari ya ratsa takardar ya fice, ƙaro ya tsaya saboda ƙwayoyinsa manya ne. Ba wuta, ba tafasawa, an raba su.

Haka na'urar asibiti ke yi wa jini: datti ya fice, ƙwayoyin jini su tsaya. Sai a 1945 likita Willem Kolff ya ceto wata mata da irin wannan na'ura a Holland. Graham bai ga ranar ba. Ya rasu a Landan a 1869, yana shugaban gidan buga kuɗin Ingila, muƙamin da ya riƙe tun 1855.